Garin da ya ƙera mana Hadejia ya daina ƙera jirgi

A shekarar 1974 rundunar sojin ruwan Najeriya ta karɓi wasu jiragen sintiri guda biyu, tsawon kowannensu wajen mita 33. Aka raɗa wa ɗaya suna Makurdi, ɗaya kuma Hadejia. Bayan shekara uku sai ga ƙannensu biyu, Jebba da Oguta. A tsakani, wato a 1976, an kawo Lana, jirgin da aikinsa shi ne auna zurfin ruwa da zana taswirar ƙasan teku don manyan jirage su san inda za su bi. Duka biyar ɗin gida ɗaya suka fito: kamfanin Brooke Marine da ke Lowestoft, garin masunta a lardin Suffolk, wanda babu wani gari a Birtaniya da ya fi shi kusa da gabas. A 1992 aka rufe ƙofar kamfanin.

Na jima ina juya labarin kamfanin nan a raina, don yana taɓo wata gardama da ba ta ƙarewa a duk inda 'yan boko suka zauna: masana'anta a hannun gwamnati ta fi lafiya ko a hannun 'yan kasuwa? Brooke ya ɗanɗana duka biyun, kuma ba wadda ta hana shi mutuwa. Ni a ganina tun farko tambayar ce ta karkace. Ma'aikatar ƙera jirgi ba ta damu da sunan wanda ke kan takardar mallaka ba. Abin da ke raya ta shi ne, ranar da aka tura jirgi cikin ruwa a ce akwai wani da za a kafa ƙashin bayansa a gurbin da wancan ya bari.

Asalin gidan ma ba jirgi ba ne. A 1874 wani mai suna John Walter Brooke ya buɗe maƙerar zubin ƙarfe a Lowestoft. Daga zubi suka shiga injuna, a farkon ƙarni na 20 kuma har motoci suka yi. Akwai wata motarsu ta 1910 da wani attajirin Bature mazaunin Kalkata ya sa aka yi mata gangar jiki da siffar wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, tana tafe tana fesa tururi ta baki don mutane su ba ta hanya. Tana nan har yau a wani gidan tarihin motoci a Holan. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka watsar da mota suka riƙe injin jirgin ruwa da ƙananan jirage masu gudu, suka kafa wurin ƙira a bakin tafkin Lothing, wanda ya raba garin gida biyu. A 1940 wani ɗan kwangila, Harry Dowsett, ya sayi kamfanin, sunan ya koma Brooke Marine, aikin yaƙi kuma ya cika musu hannu.

Sai an san garin kafin a gane kamfanin. Arzikin Lowestoft a da kifi ne, musamman irin wanda 'yan kasuwarmu ke kira shawa. Duk kaka ɗaruruwan jirage ke cika tashar, mata su gangaro daga Sikotilan suna feɗe kifin suna jera shi a ganga da gishiri, a yi lodinsa zuwa Jamus da Rasha. Shekarar 1913 ce ƙololuwar wannan ciniki. Da yaƙi na biyu ya zo, rundunar ruwan Birtaniya ta mai da garin hedikwatar wani sashe nata da aka gina kacokan da masunta da jiragensu. Dalili a fili yake. Jirgin da aka yi shi don jan taru mai nauyi a cikin teku mai hauka, shi ne ya fi dacewa da jan wayar da ke tsinke igiyar nakiyoyin da abokan gaba suka dasa a ruwa. Shi ya sa kamfanonin gabashin Ingila da yawa suka taso da sana'a biyu a hannu ɗaya, jirgin kamun kifi da ƙaramin jirgin yaƙi. Cook, Welton & Gemmell na Beverley haka suke, waɗanda saboda ƙuncin kogi sai dai su jefa sabon jirgi ruwa ta gefe, ya faɗa da haƙarƙari. Cochrane na Selby haka. Smith's Dock kuwa zanen jirgin farautar kifin wale suka gyara ya zama jirgin yaƙi mai rakiyar jiragen kaya da aka ƙera ɗaruruwa a lokacin yaƙin. A yau duk babu ko ɗaya a cikinsu.

Babbar sa'ar Brooke ta zo a 1954, shekara guda bayan mutuwar Stalin, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Dowsett ya samo odar jiragen kamun kifi 20 daga Tarayyar Sobiyet, a kan kuɗi wajen fam miliyan 6. A lura da adadin: ashirin, kuma duk zubi ɗaya. Da wannan oda aka gina sabuwar ma'aikata a kudancin tafkin. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai sana'ar hannu ya san abin da wannan ke nufi. Na farko a kansa ake koyo, a yi kuskure a warware. Na biyar hannu ya faɗa. Kafin a kai na goma sha biyar, yaron da aka ɗauka yana miƙa guduma ya zama mai koya wa wani.

Aikin ƙera jirgi kuwa ba a littafi yake zaune ba. A wancan zamanin akwai wani ƙaton ɗaki a saman bene mai shimfiɗaɗɗen daɓen katako, inda ake zana layukan jirgin da ainihin girmansu, mutum yana rarrafe da alli a hannu, sannan a yanko samfurin katako daga zanen a kai wa masu ƙarfe. Falankin ƙarfen da zai zauna a goshin jirgi ba lanƙwasa ɗaya yake buƙata ba, sai ya karkata ta tsawo ya kuma karkata ta faɗi. In injin matsa ya yi iyakarsa, sai gwani ya ɗauki wuta ya bi wani layi a jikin ƙarfen, ruwan sanyi na biye da shi. Inda ya yi zafi ya huce sai ya tsuke, falankin ya ɗan rusuna. Ina za a sa wutar, har wane ja ƙarfen zai yi, sau nawa za a bi layin, duk ido ne da hannu. Yaro kan shiga koyo yana ɗan shekara 16, ya yi shekara biyar kafin a kira shi ma'aikaci, kuma ko a nan ba a ce ya zama gwani ba.

Ni ban taɓa taka ma'aikatar jirgi ba, amma na ga irin wannan a gida. Kawuna mai walda ne, ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa yake yi, yana da yara shida a garejinsa. Akwai shekarar da aiki ya ɗauke ɗif, ga rashin wuta, ga tsadar man janareta. Wata bakwai ba a kunna injin kirki ba. Ɗaya bayan ɗaya yaran suka zame: biyu suka kama acaɓa, ɗaya ya tafi Legas, ɗaya ya koma gona. Ana nan sai ga wani ɗan kwangila da aikin ƙofofin makaranta guda, irin aikin da Kawu ya shekara yana addu'ar samu. Na tarar da shi zaune a kan benci, takardar aikin a cinyarsa, ya zuba mata ido. Na ce, "Kawu, ai sai godiya, aiki ya samu." Ya ce, "Ɗana, injin yana nan, ƙarfe kuma kasuwa za a je a sayo. Hannun fa? Wanda na shekara huɗu ina gyara wa riƙon sandar walda yanzu fasinja yake ɗauka, kullum da kuɗi a aljihunsa. Ce masa zan yi ya dawo don aikin wata biyu?" Rabin aikin ya karɓa, ya bar wa wani sauran.

Brooke sun fahimci wannan, shi ya sa suka zama 'yan neman ciniki ko'ina. Da kasuwar jiragen kamun kifi ta fara sanyi sai suka juya ga ƙananan jiragen soja. A 1968 suka miƙa wa rundunar ruwan Birtaniya jiragen awon teku huɗu, Bulldog da Beagle da Fawn da Fox, kuma a kan zanensu aka yi mana Lana. Sannan suka bi sabbin ƙasashen da suka samu 'yancin kai da wasunsu, kowacce tana son ta ga tutarta a kan ruwa. Suka yi wa Kenya jiragen sintiri, suka yi wa Niw Zilan, suka yi wa Sarkin Oman jirgin alfarma da jiragen sauke dakaru, daga baya Aljeriya ma ta saya. Mu kuma lokacin kuɗin fetur ya fara ambaliya, zamanin Gowon da ƙarin albashin Udoji, lokacin da jiragen siminti suka toshe tashar Legas. Ba laifi mu faɗa da bakinmu: wani ɓangare na albashin masu walda a Lowestoft a shekarun 1970 daga rijiyoyin man Neja Dalta ya fito. Mun biya, an ba mu jirgi. Koyon da aka yi a kan jirgin, da hannun da ya faɗa a kansa, can suka zauna.

Ta ɓangaren kifi kuwa ƙasa tana ta zaizayewa a ƙarƙashin duk masu wannan sana'a. Rikicin da Birtaniya ta yi da Aisland har sau uku kan iyakar kamun kifi ya ƙare a 1976 da Aisland ta tsare mil 200 na tekunta, manyan jiragen Hull da Grimsby suka rasa wurin zuwa. A 1977 aka hana kamun shawa a Tekun Arewa saboda an kusa ƙarar da shi. Wanda aka ɗaure jirginsa a tasha ba ya odar sabo. A waje ɗaya kuma Japan ta riga ta wuce Birtaniya a yawan ƙera jirage tun 1956, alhali a farkon shekarun 1890 Birtaniya ce ke ƙera kusan kashi 80 cikin ɗari na jiragen duniya.

A cikin wannan hali gwamnatin Leba ta James Callaghan ta tattara manyan ma'aikatun jiragen ƙasar ta zuba su a tukunya ɗaya a ranar 1 ga Yulin 1977, ta kira ta British Shipbuilders. Brooke na ciki. Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979 da aƙidar cewa gwamnati ba ta da hurumin kasuwanci, a 1985 da 1986 aka sayar da ma'aikatun da aka yi wa rajista a matsayin masu ƙera jiragen yaƙi, don su ne masu ɗan maiƙo. Brooke ya faɗa hannun manajojinsa a 1985. A nan ne aka yi abin da nake ganin shi ne kuskuren da ya fi kowanne. Ma'aikatar da aka liƙa wa tambarin jiragen yaƙi ba ta da rabo a tallafin da ake ba masu ƙera jiragen kasuwanci don su iya gogayya da farashin Asiya. Manya irin su Vickers a Barrow da Yarrow a Glasgow ba su ji zafin ba sosai, don manyan jiragen rundunar ƙasar na hannunsu. Ƙananan fa? Rundunar ba ta da isasshen aikin da za ta ba su, kasuwar farar hula kuma an ɗaure musu hannu a kanta. Rijiya ba ta bayar ba, guga ma ya hana. Hall Russell na Aberdeen da Cammell Laird na kusa da Libaful duk irin wannan tarko ne ya ci su.

Shekarun ƙarshe na Brooke suna da ƙyalli, irin ƙyallin fitilar da mai ya kusa ƙare mata. A 1986 suka ƙera wa Richard Branson jirgin tsere Virgin Atlantic Challenger II, wanda ya ƙetare tekun Atlantika cikin kwana uku da awa takwas da 'yan mintuna. A shekarar ce kuma rundunar ruwa ta karɓi Roebuck, wani jirgin awon teku, daga hannunsu. A 1987 suka gama Young Endeavour, jirgi mai filafilan iska da Birtaniya ta ba Ostireliya kyauta don bikin cika shekara 200 da fara zaman Turawa can. Duk aiki ne na gwaninta, amma kowanne ɗaya tilo ne. Daga nan kamfanin ya koma Brooke Yachts, mai yi wa attajirai jiragen shaƙatawa. Wanda ya taɓa ƙera jirgi ashirin a jere ya koma jiran ranar da wani mai kuɗi zai yi sha'awar abin wasa. Da tattalin arziki ya tsuke a farkon shekarun 1990, sha'awar ta ɗauke. Bayan rufe Brooke da shekara biyu, Richards, ɗaya ma'aikatar jirgin da ta rage a garin, ita ma ta bi sahu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce British Shipbuilders asara ta yi ta tafkawa shekara da shekaru, kuɗin talaka mai biyan haraji ne ake zubawa, kuma kuɗin da aka toshe ramin ma'aikatar jirgi da shi an hana asibiti ne ko makaranta. Za a ce ma'aikatun Birtaniya sun tsufa, masu mallakarsu ba su zuba jari ba lokacin da suke cin riba, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna faɗa da juna kan wane ne ke da ikon huda rami a ƙarfe. Duk gaskiya ne. Ni kaina ban ce a riƙe kowace ma'aikata da ƙarfin tsiya ba, kuma ban ga abin alfahari a ce gari yana cin abinci da sayar wa gwamnatocin soja na ƙasashe matalauta kayan yaƙi ba. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne lissafinsu. Suna ƙirga kuɗin riƙe ma'aikata, ba sa ƙirga kuɗin sake haifar ta.

Birtaniyar da kanta ta biya wannan kuɗi. Bayan an gama jiragen ƙarƙashin ruwa samfurin Vanguard a Barrow, sai aka bar giɓi na shekaru kafin a fara sabon samfurin Astute. Ma'aikatan wurin suka ragu daga wajen 13,000 zuwa wajen 3,000. Da aka tashi aikin sai aka tarar masu zane da masu haɗawa sun watse, aiki ya yi ta jinkiri, kuɗi ya yi ta hawa, har sai da aka ɗauko ƙwararru daga kamfanin Electric Boat na Amurka suka zo suka tallafa. Ƙasar da ta koya wa duniya ƙera jirgi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sun ji jiki, shi ya sa a 2014 gwamnatinsu ta yi odar wasu jiragen sintiri daga ma'aikatun kogin Clyde, kowa kuma ya san babban dalilin shi ne kada hannu ya yi sanyi kafin a fara manyan jiragen yaƙin da ke tafe. 'Yan majalisa sun yi ƙorafin tsadarsu. Da an yi wa Lowestoft ko rubu'in wannan tunani a 1986, wataƙila da labarin ya sha bamban.

Abin ban haushi ma, a lokacin da Ingila ke sakin sana'ar, wasu ɗauka suke yi daga hannunta. Da Chung Ju-yung na Hyundai ya tashi gina ma'aikatar Ulsan a Koriya ta Kudu a 1972, bai taɓa ƙera babban jirgi ba. Wani kamfanin Ingila, A&P Appledore, ya taimaka da tsara wurin, bankin Barclays ya shiga cikin masu ba da bashi, aka tura 'yan Koriya ma'aikatar Scott Lithgow a Sikotilan suka koyo aiki. Ma'aikatar ta ɗan kasuwa ce, amma gwamnatin Park Chung-hee tana tsaye a bayanta da lamuni da matsin lamba, ba ta bari ta zauna babu aiki ba. Scott Lithgow ta mutu tuni. Yau Sin da Koriya ta Kudu da Japan ke ƙera fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan jiragen kasuwancin duniya.

Lowestoft bai mutu ba. Yanzu tashar ta zama sansanin masu kula da injunan samar da lantarki daga iska da aka kakkafa a cikin teku, a 2024 kuma aka buɗe sabuwar gada a kan tafkin Lothing. Amma a ƙuri'ar 2016 kusan kashi 63 cikin ɗari na mutanen gundumar suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kuma ban yi tsammanin batun kifi da rufaffun ma'aikatu ba ya cikin abin da suka shiga rumfar zaɓe da shi a zuci ba.

Mu dawo kan Lana. Da tsohon ya gaji aka tashi maye gurbinsa, Faransa aka je, kamfanin OCEA ya ƙera sabon, mai tsawon mita 60, ya iso Legas a 2021 da sunan na da. A shekarar ce kuma aka ƙulla kwangilar manyan jiragen sintiri biyu da kamfanin Dearsan na Turkiyya. Shekara 45 tsakanin Lana da Lana, mai sayarwa ya canza, mai saye yana nan inda yake. Ban ce a daina saye daga waje ba, jirgi irin Lana ya fi ƙarfin abin da muke iyawa a yanzu. Amma jirage masu girman Hadejia mun fara yinsu da hannunmu. Ma'aikatar jiragen rundunar sojin ruwa da ke Legas ta ƙera Andoni a 2012, tsawonsa mita 31, kusan sa'an Hadejia ke nan. Ta ƙera Karaduwa a 2016, ta ƙera Oji a 2021, kowanne ya ɗara na bayansa. Na yi murna da su, har yanzu ina yi.

Sai dai a dubi tazarar: shekara huɗu, sannan shekara biyar. Jirgi uku a shekara tara. A ma'aikatar soja kuma, inda ake yi wa mutum canjin wurin aiki ko ya yi ritaya ko da kuwa shi kaɗai ya iya lanƙwasa ƙarfen goshin jirgi. Ranar da aka ƙaddamar da Oji, Shugaba Buhari ya aza harsashin na huɗu da na biyar a tare, wannan ya fi. Abin da nake so in ji daga bakin masu tsara kasafin kuɗin tsaro shi ne oda irin ta 1954: jirgi goma ko ashirin zubi ɗaya, a jere, da kuɗinsu a ajiye, a raba aikin da ma'aikatun 'yan kasuwa na Legas da Fatakwal, a haɗa da jiragen fasinja na ƙarfe don kogunan Neja da Binuwai, inda kwale-kwalen katako ke kifewa da mutane duk damina. Ko soja ne zai mallaki wurin ko ɗan kasuwa, wannan a yi ta gardama a kai a gidan rediyo.

Kawu dai da na karanta masa jerin shekarun nan uku, bai tambaye ni tsawon jiragen ba, bai tambayi kuɗinsu ba. Cewa ya yi, "To, yaran da suka yi waldar na farkon, su ne suka yi ta ukun?"